Dakon da ake yi cikin albasa: littafin aikin 'yan Asabar, Tawa

19 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe kabad ɗin ƙarfen da ke bayan ɗakin gwaji na fito da mikroskop ɗinmu. Biyar ne a rubuce, biyu ne masu lafiya. Ɗaya irin na da ne, mai ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa a kamo hasken taga. Ɗayan mai fitila ne, amma ƙwan ya ƙone tun kafin a turo ni wannan makaranta. Hantsi guda na kwashe ina goge su.

Abu biyu nake so mu yi bana da 'yan tarminal D, wato ajin ƙarshe na sakandare ɓangaren kimiyya, duk Asabar. Na farko, su ga jigilar kayan da ake yi cikin ƙwayar halitta da idonsu, su kuma auna saurinta da hannunsu. Na biyu, ni zan rubuta musu da Hausa, babi-babi, yadda aikin wani mai bincike ya gudana tun daga ƙuruciyarsa: Ronald Vale, Ba'amurken da shi da abokan aikinsa suka gano kinesin a 1985. Kinesin furotin ne mai ƙafa biyu, yana ɗaukar kaya ya riƙa takawa a kan wasu siraran bututu cikin ƙwaya. Masu binciken irin waɗannan injuna ƙafa ɗaya a fisik suke, ɗaya a ilimin halittu, abin da ake kira biyofisik, kuma ko yaro ɗaya babu a ajina da ya san akwai wannan sana'a a duniya.

Abin da ya tunzura ni shi ne zanen da yara ke kawo min kowace shekara. Da'ira, ɗigo a tsakiya, 'yan abubuwa warwatse kamar wake cikin romo, komai a tsaye cik. Haka littafi ya zana musu, haka ni ma na yi ta zanawa a allo. Alhali wurin ya fi tashar mota hada-hada.

Goma sha ɗaya suka rubuta suna, huɗu mata.

26 ga Oktoba

Mun ga abin da kowa ke gani: bangayen ƙwayoyi a jere kamar tubali, cibiya a gefe. Motsi kam babu.

Da farko albasar na ɗora wa laifi, tunda ta ajiya ce, ta daɗe cikin rudu, ga ta da tsada a wannan lokaci. Sai da dare na gane. Littafin aji ya ce a ɗiga ruwan lugol don cibiya ta fito sosai, mun ɗiga. Lugol aidin ne, aidin kuwa nan take yake kashe ƙwaya. Abin ya tsaya min a rai: darasin farko da yaro ke yi kan abu mai rai, gawa muke nuna masa.

9 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi.

Ga yadda muka yi, don wani malamin da zai so gwadawa. A yanka albasa, a ciro hawa na biyu ko na uku. Ta ciki akwai wata yana siririya mai sheƙi. A tsaga ɗan murabba'i da reza, a ɗago ta a hankali kada ta naɗe, a shimfiɗa kan lam, wato gilashin da ake ɗora abin dubawa, cikin ɗigon ruwa zalla, a rufe da lamel, ɗan siririn gilashin rufi. Sannan a bar ta ta huta kamar minti 20, domin yankan yana gigita ƙwayoyin. A rage ƙofar hasken da ke ƙarƙashin teburin mikroskop har fili ya ɗan dushe, a tafi girma 400. A nemi ƙwayar da ke nesa da bakin yanka.

Mun kusa tashi, wasu har sun fara haɗa littattafai, sai yarinyar nan 'yar Buza, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ce ba tare da ta ɗaga ido ba: "Mushe, ku taho ku gani. Wani abu na tafiya."

Na duƙa. Ta gefen bango, da kuma kan wasu zare-zare da suka ratsa tsakiyar ƙwayar, ƙananan ɗigo suna bin juna. Wani zai yi gaba ya tsaya kamar ya yi mantuwa, sai ya zabura. Layi ɗaya ya nufi dama, na kusa da shi ya nufi hagu, ba mai taka wani. Inda zare biyu suka haɗu akan ɗan yi cunkoso, sannan a watse. Na san da wannan tun ina jami'a, na amsa tambaya a kansa a jarrabawa, amma yau ne na fara ganinsa ido da ido, kuma sai da wani yaro ya taɓa min kafaɗa kafin na ba da wuri. Layi suka yi har azahar. Wani ya koma baya ya sake bin layin sau uku.

Na ce musu kinesin ne ke jan ɗigon.

12 ga Nuwamba

Na yi kuskure ranar Asabar, yau na gyara shi gaban aji. A ƙwayar tsiro, wannan gudana aikin miyosin ne, dangin wanda ke cikin tsokarmu, kuma a kan zaren aktin yake tafiya. Kinesin hanyarsa daban ce, mikrotubul, bututun nan masu faɗin nanomita 25 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Na sa kowa ya soke layin a littafinsa ya rubuta daidai a ƙasa, kada ya yage takardar.

23 ga Nuwamba

Na karanta musu babi na farko.

An haifi Vale a 1959 a Hollywood. Yana sakandare ya kafa ɗan wurin gwaji a ɗakin ƙasa na gidansu, yana bin yadda ganyen wake ke sauka da dare ya tashi da rana. Da na zo nan sai suka kalli juna, don wake dai kowa na da shi a gida. Daga nan Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara, sai Stanford, inda ya shiga karatun likita haɗe da na digirin bincike, yana aiki kan jijiyar saƙo.

A nan tambayar ta same shi. Ƙwayar jijiya ɗaya na iya samun jikinta a ƙashin baya, jelarta kuwa ta miƙe har babban ɗan yatsan ƙafa, kusan mita guda. Ana ƙera kaya a jikin, ana bukatarsu a can ƙarshen jela. Wa ke kai su? A 1983, nan Stanford ɗin, Michael Sheetz da James Spudich sun shafa miyosin a jikin ƙananan duwatsun roba, suka ɗora su kan zaren aktin na wani tsiron ruwa mai suna Nitella, duwatsun suka kama tafiya. Vale ya yi zaton irin wannan ne ke faruwa cikin jijiya, ya nemi Sheetz su gwada. Wato kuskurena na kwanakin baya ne aka juya: ni na ga miyosin na kira shi kinesin, su kuwa miyosin suka fita nema suka ci karo da abin da ba wanda ya san da shi.

Jijiyar da ta dace da aikin ita ce ta kalamar, wata halittar teku mai hannuwa goma. Kaurin jijiyarta yakan kai rabin milimita, ido na ganinta, ana iya matso abin cikinta kamar man goge baki. Ita ce Hodgkin da Huxley suka yi aiki da ita kan saƙon jijiya, darasin da yaran za su tarar a bak, jarrabawar gama sakandare. To a wannan shekara ruwan tekun Kalifoniya ya yi ɗumi saboda El Niño, kalamar ta ɓace. Dole suka tattara suka koma Woods Hole, can gabar gabashin Amurka, wurin Thomas Reese da Bruce Schnapp. A can suka tabbatar da cewa kan mikrotubul kayan ke gudu. Sannan Vale ya ga abin da bai zata ba: ya shafa ruwan jijiya a gilashi, ba kaya ko ɗaya a ciki, sai bututun da kansu suka riƙa silalewa a kan gilashin. Injin ya manne a ƙasa, yana tura hanyar tasa. Da wannan suka bi sawunsa har suka tace shi, suka ba shi suna daga kalmar Girkanci mai nufin motsi. A 1985 ke nan, yana da shekara 26. A shekarar nan Scott Brady ma ya kamo furotin ɗin daga ƙwaƙwalwar kaza, ta nasa ɓangaren. Na sa sunansa a babin don kada yara su ɗauka mutum ɗaya ke irin wannan aiki. Vale bai koma ya ƙarasa karatun likita ba.

Bayan karatu na ba su lissafi a allo. Taku ɗaya na kinesin nanomita 8 ne, kowane taku yana cin ATP ɗaya, wato makamashin da ƙwaya ke aiki da shi, yana yin kamar taku 100 a daƙiƙa. Mita guda taku nawa ke nan? Miliyan 125. Kwana nawa? Sha huɗu da ɗoriya. In kuwa aka bar furotin ya yi ta yawo da kansa cikin ruwan ƙwaya har ya isa can, lissafin ya haura shekara 1,000. Wani ya tambaya ko kinesin ɗaya ne ke yin tafiyar duka. A'a. Ɗaya yakan yi taku kamar 100 ya saki hanya, shi ya sa kaya ɗaya 'yan dako da yawa ke riƙe da shi. Kafin wannan ya saki, wancan ya kama.

14 ga Disamba

Hannu ba ya iya riƙe waya a bakin mikroskop, hoto rawa yake yi. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran mai walda ne. Na kai masa mikroskop ɗin shagonsa a nannaɗe cikin zane, ya jujjuya shi, ya auna bakin da igiya, ya ce in dawo jibi. Ya ƙera mariƙi da guntun bututu da noti biyu, ya liƙa robar tayar keke ta ciki don kada ƙarfe ya karce. Na sa hannu aljihu ya ce, "Haba Malam, ɗana ne fa zai duba ciki."

Mai ƙonannen ƙwan nan kuma mun sa masa 'yar tocila ta ƙasa. Ta ma fi, domin ba ta zafi.

Sai awo. Ba mu da lam mai ma'auni, saboda haka muka sa rula mai garai-garai a girma 100, faɗin fili ya ba mu milimita 1.8. A girma 400 kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, mikromita 450 (milimita ɗaya mikromita 1,000 ce). Wayar tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. Da waɗannan biyun duk ɗigon da ya motsa muna iya cewa nawa ya ci cikin lokaci nawa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na gaya musu a wannan ɗaki mudun muke so.

Hazo ya sauka. Kowace Asabar sai mun yi rabin awa muna fama da ƙura a gilasai.

11 ga Janairu, 2025

Yau ce ranar da ta fi kowace daraja tun da muka fara, kuma gardama ce ta kawo ta.

Ɗan mai waldan nan ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ku yi haƙuri. Ƙura ma in ta shiga hasken taga motsi take yi, kuma ba ta da rai. Mi ya nuna akwai mai jan waɗannan?" Wasu suka yi masa caa, wai ga abu ƙiri-ƙiri yana musu. Na ce su bar shi, yana da gaskiya, ba mu nuna ba tukuna. Ƙurar taga iska ke kaɗa ta, amma akwai wani motsin da ya fi kama da abin da yake nufi. Robert Brown ya gan shi a 1827: duk ƙanƙanen abu cikin ruwa karkarwa yake yi ba tsayawa, mai rai da marar rai. Einstein ya bayyana dalili a 1905, ƙwayoyin ruwan ne ke ta dukansa ta kowane gefe.

Na ce su fito da hanyar raba gardamar da kansu. Sun ɗauki lokaci. 'Yar Buza ta ce a dafa albasar. Shi kuma mai gardamar ya ce a nemo abin da ba shi da rai mai ɗigo irin wannan, a kwatanta. Aka aiki wani ya sayo madara.

Lam uku muka shirya: ɗanyar yana, yanar da aka tsoma a tafasasshen ruwa minti biyu, da ɗigon madara da aka tsinka da ruwa sosai. Muka ɗauki bidiyon kowanne. Muka shimfiɗa farar leda a kan fuskar waya, mutum ɗaya na tsayar da bidiyon duk daƙiƙa, ɗaya na ɗiga alƙalami inda ɗigon da aka zaɓa yake. Ledar madara ta fito kamar sawun kaza a bakin turmi, an tattake wuri ɗaya ba a je ko'ina ba. A dafaffiyar, layukan nan sun mutu. 'Yan ɗigon da suka saura suna motsi karkarwa kawai suke yi a inda suke. Ledar ɗanyar kuwa ɗigo goma sha biyu ne a jere, sun miƙe sun ɗan karkata, kamar sawun jaki a hanyar rijiya.

Yaron ya daɗe yana kallon ledojin uku. Ya ce, "To na yarda akwai hanya. Mai jan dai ban gan shi ba." Na ce ba zai gan shi da wannan mikroskop ba, miyosin ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Na liƙa ledojin a bango da sunayen waɗanda suka yi su.

25 ga Janairu

Mun zo ƙarfe bakwai don mu sami sanyi. Rukuni ɗaya sun bar lam ɗinsu a sanyin safiya, ɗaya sun ɗora nasu kan kwalbar ruwan ɗumi kafin su duba. Mai ɗumi ya fi sauri, ko ba awo ana gani. Yawancin ɗigon da muka auna sun faɗo tsakanin mikromita 2 da 6 a daƙiƙa.

Amma da na karɓi takardar rukunin ɗumi sai na ga lambobinsu sun yi kyau fiye da kima. Na tambaya, suka ce sun zubar da ɗigon da suka tsaya a hanya, wai "sun lalace". Raina ya ɓaci, kuma na nuna musu. Ba mugunta suka yi ba, so suke su faranta min. Amma wanda ya saba zaɓar lambar da ta yi masa daɗi ya bar sauran, ko an kai shi ɗakin binciken da ya fi kowane tsada, ƙarya zai riƙa fitarwa. Muka yanke ƙa'ida tun kafin a kunna bidiyo: ɗigo biyar na farko da suka ƙetare layin tsakiya, su za a bi, mai gudu da mai jan ƙafa.

Na ba su labarin yadda aka auna takun nan na nanomita 8, don su ga wahalar da ke ciki. A 1993, Karel Svoboda da Steven Block da abokansu sun liƙa kinesin ɗaya a jikin ɗan dutsen gilashi, suka riƙe dutsen da hasken leza, wato hantsakin haske da Arthur Ashkin ya ƙirƙiro, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 2018 yana da shekara 96. Kinesin na ja, haske na riƙewa, na'ura na rubuta matsayin dutsen. Matsalarsu ita ce ta madararmu: dutsen na karkarwa, karkarwar kuma tana iya rufe takun. Sai da suka san girman karkarwar sarai kafin su iya cewa ga taku. Da irin wannan hantsaki aka auna ƙarfinsa ma, wajen pikonyuton 6, ma'aunin ƙarfi ƙanƙane ƙwarai.

15 ga Fabrairu

Na je Galmi gaida kawuna, an fara cirar albasa. Buhuna jibge a bakin hanya, manyan motoci na lodi zuwa Abijan da Akara da Kwatano. Bayan la'asar muna zaune a gindin bishiya a garkarsa, na ciro waya na nuna masa bidiyon. Ya karɓa ya nesanta ta da ido, ya kalla har ƙarshe, ya ce in maimaita.

"Wannan cikin albasa ne?"

"Cikinta ne, Kawu. Irin taku."

"Bayan an cire ta?"

"Wata nawa ma da cirewa."

Ya yi shiru. Can ya ce, "Shi ya sa take son iska cikin rudu. Mu dai mun san in ka toshe ta ruɓewa take yi, in ta ji raɓa kuma ta tsiro. Ashe ba barci take ba." Ya kira yaran da ke yanke ganye su ma su gani. Da zan tafi ya cika min leda da sabbin cira, ya ce in gwada in gaya masa ko sabuwa ta fi tsohuwa sauri. Tambaya ce mai kyau, kuma ba ta zo min ba sai daga bakinsa. Na sa ta cikin jerin aiki.

12 ga Maris

Azumi, mun dakatar da haɗuwar Asabar. Rubutu nake yi bayan tarawi.

Babi na uku ya ba ni wuya. Shekaru ana gardama kan yadda kinesin ke takawa: ko ƙafar baya ce ke wuce ta gaba kamar tafiyar mutum, ko kuwa ta gaba ce kullum a gaba, ta baya na biyo ta, kamar tafiyar tsutsa. Wanda ya raba gardamar ɗalibi ne, Ahmet Yildiz, Baturke, wanda ya karanta fisik a Jami'ar Boğaziçi ta Istanbul sannan ya tafi Illinois wurin Paul Selvin. Dabararsu ta burge ni. Ɗigon haske ɗaya a hoto yakan baje ya yi faɗi, amma in ka tara haske isasshe kana iya lissafa tsakiyarsa daidai har kusan nanomita ɗaya da rabi. Suka liƙa ɗan rini mai ƙyalli a ƙafa ɗaya tak. In tafiyar tsutsa ce, ƙafar za ta riƙa matsawa nanomita 8 kowane taku. Abin da suka gani shi ne ta yi tsalle wajen 17, ta tsaya ta jira 'yar'uwarta, ta sake tsalle. Tafiyar mutum ce. Sun nuna haka ga miyosin na biyar a 2003, ga kinesin a 2004 tare da ɗakin binciken Vale. Yildiz ya yi aiki wurin Vale daga baya, yanzu farfesa ne a Berkeley.

Na tsawaita wannan babi da gangan. Yaranmu na ganin mai son ilimin halittu ba ruwansa da lissafi, ga shi kuwa lissafin tsakiyar ɗigo ne ya warware tambayar halitta.

Sauran tarihin Vale na taƙaita shi: shekaru masu yawa a Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko, gano a 1996 cewa zuciyar injin kinesin da ta miyosin ƙira ɗaya ce, kyautar Lasker a 2012 tare da Sheetz da Spudich, shugabancin cibiyar bincike ta Janelia da ya yi daga 2020. Abin da ya fi amfanar mu nan shi ne iBiology da ya kafa, inda masu bincike ke bayanin aikinsu a bidiyo kyauta. Da tsakar dare nake sauke su, lokacin da intanet ke ɗan sakin jiki.

5 ga Afrilu

Kare ya ciji ƙanen ɗaya daga cikin ɗalibaina a kumatu, ranar Laraba. Ta zo min da maganar cikin kuka, a gida ana cewa a jira a gani. Na bi ta gidan, na gaida mahaifin, na roƙe shi kada a kwana. An wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, an kai shi aka fara allura a ranar.

Yau na ajiye abin da na shirya na yi musu bayanin dalili. Ƙwayar cutar haukan kare ba ta jini take bi ba. Jijiya take shiga, ta hau injin da ke dawo da kaya daga ƙarshen jela zuwa jikin ƙwaya, wato dinin, wanda ke tafiya kan bututu ɗaya da kinesin amma ya juya masa baya. Ian Gibbons ne ya fara gano shi a shekarun 1960 cikin gashin wata ƙwayar ruwa. Cutar na tafe a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, allura na tsere da ita. Cizon fuska hanyarsa gajera ce, shi ya sa na ƙi yarda a jira. In alamu suka riga suka bayyana, da wuya ƙwarai a tsira.

Na ƙara musu da zazzaɓin cizon sauro, wanda ba gidan da bai sani ba. Ƙwayarsa tana da nata miyosin, da shi take silalewa, da shi take kutsawa cikin jan jini. A 2019 rukunin Anne Houdusse na Cibiyar Curie a Faris, da abokan aikinsu, suka fitar da siffar wannan inji dalla-dalla, da fatan a sami maganin da zai tsayar da shi bai taɓa namu ba.

Da aka tashi 'yar Buza ta tsaya. "Mushe, in mutum na son wannan aiki, ta ina zai bi?" Na gaya mata abin da na sani ba ƙari. Bak tukuna, da maki mai kyau a lissafi da fisik. Sannan sashen kimiyya na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wadda sunan masanin fisik ɗan Tasawa take ɗauke da shi, mutumin da ya ba da ƙarfinsa ga binciken hasken rana. Ta koyi Turancin Ingilishi tun yanzu, don da shi ake buga binciken. Hantsakin haske da irin kyamarar Yildiz sai an fita waje, kuma hanyar na da tsawo, shekara goma ba ta yi yawa ba. A Yamai akwai CERMES inda ake binciken cututtuka, ta nemi ganin yadda ake aiki a can in ta isa. Ta ce babanta so yake ta yi ungozoma, shekara uku ta fara ɗaukar albashi. Ban ce mata ya yi kuskure ba, don na san gidan da nauyin da ke kansa. Na ce zan je mu zauna da shi bayan jarrabawa, in ya ba ni dama.

10 ga Mayu

Zafi ya kai inda ruwan lam ke bushewa kafin mu gama saita waya. Muna zagaye lamel da man baselin, yana ɗan taimakawa. Wuta kuma sai ta wuni ba ta zo ba, makon jiya wayar ta mutu a tsakiyar ɗauka. Bak ta matso, na ce Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe, kowa ya koma ga bita.

Yaron da kare ya ciza ya gama allurarsa, yana lafiya.

Inda aiki ya tsaya: babi uku sun kammala, na huɗu kan dinin rabi ne. Bidiyo 41, an auna 26. Tambayar Kawu mun yi mata gwaji sau biyu kawai, a zafi daban-daban, saboda haka ba ni da amsar da zan kai masa. Sai mun ajiye albasa daga cira ɗaya mun riƙa aunawa wata-wata, da ma'aunin zafi a gefe. Na ware guda 30 cikin ledar da ya ba ni, suna rataye a zaure. Cikin ɗalibai goma sha ɗaya da suka rubuta suna, bakwai ne suka kai ƙarshe.

Bayan damina ina so in je tafkin Tabalak in duba ko zan sami Chara, 'yar'uwar Nitella, wadda Bonaventura Corti ya fara ganin wannan gudana cikin irinta a 1774. Miyosin ɗinta ne mafi sauri da aka sani, yakan wuce mikromita 50 a daƙiƙa, ko a ƙaramin girma ana ganinsa. Ɗan mai walda ya ce zai raka ni ko ya ci bak ko bai ci ba. Lamel 14 suka rage a kwali, sai na aika a sayo daga Yamai kafin Oktoba.